Damargu: In Gemun Maƙwabci Ya Kama Wuta

Ranar Juma'a 16 ga watan Janairu na shekara ta 2015, da aka sauko daga masallaci, birnin Damagaram ya turnuƙe da hayaƙi. An ƙone gidan raya al'adu na Faransa da Nijar, an ƙone ofishin jam'iyyar PNDS mai mulki a lokacin, sannan aka bi majami'u ɗaya bayan ɗaya, aka haɗa da lakwal ta mishan Katolika da gidaje da kantunan Kiristoci. Mutum biyar suka rasa rayukansu a garin, cikinsu har da wanda aka tsinci gawarsa a ƙone cikin majami'a. Ɗaruruwan Kiristoci, maza da mata da ƙananan yara, a barikin soja suka sami mafaka. Washegari Asabar wutar ta isa Yamai, inda ƴan sanda da kansu suka ƙidaya majami'u 45 da aka cinna wa wuta, ban da otal-otal da mashaya da gidan marayu, aka kuma sake rasa wasu mutum biyar.

Wannan kowa ya sani, don gidajen rediyon duniya sun yayata shi. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne tarzomar ba ta tsaya a manyan birane ba. Ta bi hanyar gabas ta kai Gure, ta gangara kudu ta kai Magarya, ta kuma hau hanyar Agadas ta kai Tanut, inda su ma ƴan tsirarun Kiristocin garin suka ga an afka wa wuraren ibadarsu. To, batun Tanut ne ya fi cancanta a tsaya a kai, domin a babban birni mai ɓarna yana iya ɓacewa cikin taro, amma a gari irin Tanut wanda ya kawo fetur da wanda ya ƙyasta ashana da wanda aka ƙone wa ɗaki duk sun san juna, wataƙila ma a rumfa ɗaya suke sayen goro.

Ba a musun abin da ya tayar da hankalin jama'a. Ranar 7 ga Janairu aka kashe mutum 12 a harin da aka kai wa jaridar Charlie Hebdo a birnin Pari na ƙasar Faransa. Ranar 11 ga wata Shugaba Isufu Mahamadu ya shiga jerin gwanon shugabannin duniya a can, ya kuma furta kalmar da ta yi wa talakawansa zafi, cewa kowa Charlie ne. Ranar 14 jaridar ta sake fitowa da zanen da ta ce na Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Musulmin da ransa bai ɓaci ba a wannan mako sai a binciki imaninsa. Fushin halal ne, kuma fita a bayyana shi haƙƙi ne da dokar ƙasa ta amince da shi tun babban taron ƙasa na 1991. Tambayar da ta rage guda ce: mene ne haɗin wancan zane da fasto na Tanut, ko da matar da ke share majami'a ranar Asabar da marece?

Amsar ita ce babu. Masu jaridar nan ba mutanen coci ba ne; sun shafe shekaru suna yi wa Paparoma da Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, irin wannan izgili, har ƙungiyoyin Katolika na Faransa sun sha kai su kotu. Kwana ɗaya tak kafin tarzomar Damagaram, ranar 15 ga Janairu, Paparoma Faransis ya faɗa wa ƴan jarida a cikin jirgi cewa bai halatta a zagi addinin wani ko a mai da shi abin dariya ba. Ke nan shugaban Katolika na duniya ya tsaya kusa da matsayin Musulmi a kan wannan magana, washegari kuma aka saka masa da ƙone majami'arsa. An rasa yadda za a yi da jaki, sai aka huce a kan taiki.

Kuma ba karo na farko ba ne, ba na ƙarshe ba. A watan Nuwamba na 2000, zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA da ake yi kusa da Yamai ta ƙare da ƙone majami'a da kai wa harabar mishan ta SIM hari a Maraɗi, alhali waɗannan Kiristoci ba su shirya bikin ba, da yawansu ma ba sa ƙaunarsa. Ranar Juma'a 14 ga Satumba na 2012, saboda wani fim na ɓatanci da aka yi a Amurka, aka fasa majami'ar Katolika ta Damagaram aka farfasa abin da ke ciki. A watan Yuni na 2019, an kama limamin masallacin unguwar Zariya ta Maraɗi bisa sukar da ya yi wa daftarin dokar tsara sha'anin ibada, sai magoya bayansa suka ƙone wata majami'a a garin. Gwamnati ta rubuta doka, ƴan sanda suka yi kamu, majami'a ta ci wuta. Sau huɗu cikin shekara 19, laifi daban-daban, masu laifi daban-daban, wanda ke biya kuwa ɗaya ne. Idan abu ya maimaita kansa haka, ya tashi daga tsautsayi ya zama al'ada, kuma al'adar ita ce duk sa'ad da aka ji haushin mai ƙarfi, na nesa ko na kusa, sai a nemi marar ƙarfi na cikin unguwa.

Su wane ne waɗannan marasa ƙarfi? Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristocin Nijar ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. A garuruwan karkara irin na jahar Damagaram, taron majami'a yakan ƙunshi ƴan ƙasa haifaffu, waɗanda wasunsu kakanninsu suka shiga addinin tun zamanin da mishan ta SIM ta sauka Damagaram a 1924 kafin ta buɗe Tsibiri da Galmi; da ma'aikatan gwamnati da aka turo aiki, mushen lakwal ko malamin asibiti ko soja; sai kuma baƙi masu sana'a daga Binin da Togo da Najeriya, makanikai da teloli da masu kantin kayan gyaran mota. Ba su da sarauta, ba su da yawan ƙuri'ar da za ta sa ɗan siyasa ya yi rashin barci dominsu. Abin da suke da shi kawai shi ne alkawarin hukuma da amanar maƙwabta.

A nan ne ma'aikacin gwamnati ya kamata ya buɗe kunne. Ma'aikaci ba ya zaɓar inda za a kai shi. Takarda ce ke fitowa daga Yamai, ɗan Gaya ya tsinci kansa a Tanut, ɗan Tanut ya tsinci kansa a Makalondi cikin Gurmawa. Wannan cuɗanya ita ce ta ɗinke ƙasar nan fiye da dukan jawabin ranar 18 ga Disamba. In har ya tabbata cewa akwai gundumar da ma'aikaci Kirista ba zai kwana da ido biyu rufe ba, to zai nemi a canza masa wuri, na bayansa zai yi kamun ƙafa kada a turo shi, kuma ajin da aka bari babu mushe ƴaƴan Musulmi ne ke zaune cikinsa. Damargu ba ta da rarar malaman lakwal ko ungozoma da za ta yi wasa da su. Ƙasa ce da ma'aikata da yawa ke ɗauka wurin horo, saboda nisa da ƙarancin ruwa. Ƙara mata sunan wurin da ake ƙone ɗakin ibadar baƙo ba abin da zai jawo mata sai ƙarin kujeru babu kowa a kai.

Ɗan kasuwa kuwa hisabinsa ya fi wannan sauƙi, don ya san abin da ake kira zama ƴan tsiraru. Alhajin da ke da rinjaye a kasuwar Tanut ko ta Bakin Birji, ɗansa ko ƙanensa na zaune a zango a Kumasi, ko Kwatano, ko Lome, ko Abijan, cikin mutanen da galibinsu ba Musulmi ba ne, yana kiran salla da asuba ba wanda ya hana shi. Me ke tsare masallacinsa a can? Ba yawansa ba ne. Ƙa'ida ce guda, wadda ta ce ba a kama mutum da laifin wani don sun haɗa addini. Ranar da ƙa'idar nan ta karye, an ga abin da ke biyo baya. A watan Fabrairu na 2006, zanga-zangar zanen ɓatanci na ƙasar Danmak ta rikiɗe a Maiduguri aka ƙone majami'u aka kashe Kiristoci. Kwanaki kaɗan bayan haka aka yi ramuwar gayya a Anaca ta ƙasar Ibo, aka ƙone masallatai, aka bi Hausawa fatake da masu ƙananan sana'o'i ana kisa, waɗanda suka tsira suka gudu barikin soja ko suka haye gadar Kwara. Ba ɗayansu da ya je Maiduguri, balle Danmak. A Afirka ta Tsakiya, tsakanin 2013 da 2014, an rusa masallatai fiye da 400, har gwamnatin Nijar ta aika jirage Bangi suka kwaso ƴan ƙasa, mutanen da suka tara dukiya shekara da shekaru suka sauka Yamai da ƙullin tsumma. Waɗanda suka rusa masallatan can da waɗanda suka ƙone majami'un nan hujjarsu ɗaya ce, ba bambanci ko na ƙwayar gero: wani mai irin addininka ya yi laifi, don haka kai za ka biya.

Abin takaicin shi ne Damargu ta fi kowace ƙasa sanin darajar amana, domin da ita ta ci abinci. Tun kafin Nasara ya zo, nan ce rumbun geron Abzin, nan ce mashigar ayarin da ke tasowa daga Tarabulus da Gadamas ya bi ta Agadas ya nufi Damagaram da Kano. Dagirawa da Hausawa suna noma, Abzinawa suna rakiya, Larabawa suna fatauci, kowa da harshensa. Ayari ba ya bin hanyar da ba a tsare baƙo. A watan Janairu na 1851 wasu Turawa uku Kiristoci, Richardson da Overweg da Barth wanda ake kira Abdulkarim, suka sauka a Tagalal ta Damargu ƙarƙashin kariyar Annur, babban Kel Ewe. Ba kyauta ya yi musu ba, sun biya, kuma kafin su shigo hannunsa sun sha barazana a bakin Abzin. Amma da ya karɓi amanarsu ya kawo su lafiya, a nan suka rabu, ɗaya ya nufi Damagaram, ɗaya Gobir da Maraɗi, ɗaya Katsina da Kano. Mutanen wancan zamani ba su fi na yau ƙarancin kishin addini ba. Sun dai san cewa wanda ya shigo inuwarka ya zama nauyinka, kuma mutuncin mai gida yana rataye da lafiyar baƙonsa.

Malamai sun fi kowa sanin cewa wannan ba al'adar fatake kaɗai ba ce. Hijirar farko a Musulunci zuwa Habasha aka yi ta, wurin Najjashi, sarki Kirista, wanda ya ƙi miƙa Musulmi ga Ƙuraishawa ko da suka zo masa da kyaututtuka. Aya ta 40 ta Suratul Hajji ta ambaci ɗakunan ibadar ruhubanawa da majami'u da wuraren ibadar Yahudawa a jere da masallatai cikin abubuwan da ake kare su daga rushewa. Sayyidina Abubakar ya yi wa rundunarsa wasiyya da ta ƙyale masu ibada a ɗakunansu, a cikin yaƙi ma ke nan. Sayyidina Umar ya ba mutanen Ƙudus aminci a kan rayukansu da majami'unsu. Waɗannan ba ɓoyayyun abubuwa ba ne, almajirin da ya yi nisa kaɗan ya san su. Shi ya sa a ranar 17 ga Janairu malamai suka fito a talabijin ta ƙasa suna kiran jama'a su kwantar da hankali, shi ya sa kuma a Damagaram da Yamai aka sami Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci cikin ɗakunan matansu har ƙura ta lafa. Sai dai kash, wa'azin da aka yi ranar Asabar da dare, ranar Juma'a da rana ake bukatarsa, a kan mumbari, kafin a fito.

Akwai masu cewa duk wannan siyasa ce, addini riga kawai aka sa mata. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Damagaram gari ne mai tsohon ƙorafi tun da aka ɗauke mata babban birni aka kai Yamai a 1926, kuma a 2015 cibiyar adawa ce, mahaifar tsohon shugaba Mahaman Usman. Ƙone ofishin jam'iyya mai mulki ya nuna inda wani kashi na fushin ya dosa. Ga kuma samarin da ba lakwal ba sana'a, ƴan fada da ƴan pale na unguwanni irin Kara-Kara, waɗanda kowace tarzoma kasuwa ce a wurinsu. Matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011, a cikin gundumar Tanut take, ganga 20,000 aka gina ta ta tace a yini, amma saurayin Olelewa da ke kallon hasken fitilunta da dare bai ga abin da ta canza a tukunyar gidansu ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma bayanin dalili ba wanke laifi ba ne, kuma talaucin wani ba ya zama lasisin ƙone ɗakin wani talakan. Fasto na ƙauye bai fi mai ƙone masa majami'a arziki ba.

Illar da siyasa ta yi ita ce ta haɗiye maganar ɗungurungum. Ranar Lahadi 18 ga Janairu aka tarwatsa jerin gwanon ƴan adawa da aka hana a Yamai, aka kama mutane wajen 90. Gwamnati ta ce da hannun adawa a tarzomar, adawa ta ce gwamnati ke neman dalilin murƙushe ta. Aka yi zaman makoki na kwana uku. Ranar 6 ga Fabrairu Boko Haram ta afka wa Boso da Difa, hankalin ƙasa duka ya koma gabas. Waɗanda aka ƙone wa wuraren ibada suka zama abin jifa tsakanin ɓangarori biyu, sannan aka manta da su. Da a ce darasin 2015 ya shiga, da ba a sake ganin irinsa a Maraɗi bayan shekara huɗu ba. Wanda ya ƙone majami'a a Yuni na 2019 ya yi lissafinsa, ya duba abin da ya sami na gabansa, ya ga abin bai kai ya hana shi ba.

A kan takarda kam ba a bar kowa a baya ba. Tsarin mulki na 1992 ya raba gwamnati da addini, bayan doguwar muhawara a kan kalmar da za a yi amfani da ita. Na 2010 ya maimaita hakan ya kuma yi alkawarin kare kowane addini, har zuwa lokacin da sojoji suka dakatar da shi a juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023. Amma tsarin mulki bai taɓa tsayawa a ƙofar majami'a ya tare taro ba. Masu tsayawa mutane ne: perfe, kwamandan jandarma, magajin gari, sarki da masu unguwanninsa, limamin Juma'a, sarkin kasuwa. Kuma aikin nasu ba mai wuya ba ne kamar yadda ake zato, domin irin wannan tarzoma ba ta zuwa ba sallama. Jaridar ta fito ranar Laraba, kowa ya san abin da Juma'a za ta iya haifarwa. A gari irin Tanut wuraren ibadar Kiristoci ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Jandarma kaɗan a ƙofar kowanne, da dattawan unguwa zaune a kan tabarma kusa da su, da kalma ɗaya daga bakin liman kafin a sallame, sun isa. Yaron da zai jefi jandarma ba zai tsallake kawunsa da ke zaune a bakin ƙofa ba.

Belbeji, wadda aka cire daga Tanut ta zama gunduma mai kanta a 2011, ita ce ta fi bukatar a yi wannan tunani tun da wuri, ko da yake ba a nan wutar 2015 ta yi suna ba. Ƙasar Tarka mahaɗar manoma ce da makiyaya, Hausawa da Abzinawa da Fulani, inda kowace kaka ake ja-in-ja a kan burtali da rijiya da gonar da dabba ta shiga. A irin wannan wuri kowa ɗan tsiraru ne a wata rijiyar. Idan samari suka koyi cewa taro na iya yanke wa mutum hukunci saboda jinsinsa ko addininsa a tashi lafiya, ba su da dalilin tsayawa a kan Kirista. An ga haka a Toda ta jahar Maraɗi a ƙarshen Oktoba na 1991, daidai lokacin da wakilan ƙasa ke zaune a babban taro a Yamai: rikicin gona ya sa aka kashe Fulani fiye da 100, galibinsu mata da yara, da yawa ta hanyar ƙonewa. Duk Musulmi ne, masu kisan da waɗanda aka kashe. A Kano ma, ranar 28 ga Nuwamba na 2014, mako bakwai kafin tarzomar Damagaram, waɗanda suka fara da tayar da bam a majami'u suka tayar da shi a babban masallacin Juma'a na ƙofar gidan sarki, suka kashe masallata fiye da 100.

Akwai kwamitocin tattaunawa tsakanin addinai a jahohi, ana kuma yin taruka a ɗakunan otal, a ci abinci a karɓi kuɗin zama a watse. Ba laifi. Amma abin da Tanut da Belbeji ke bukata ya fi wannan araha. Perfe ya san adadin wuraren ibadar ƴan tsiraru da ke gundumarsa da inda suke. Sarki ya kira shugabanninsu fada a gaban jama'a, kamar yadda yake kiran kowane mai unguwa, don a gane cewa talakawansa ne. Ƴan kasuwa, waɗanda su ne ke gina masallatai suna ɗaukar nauyin masu wa'azi, su faɗa wa wanda suke ciyarwa cewa ba da kuɗinsu za a tunzura yara a kan maƙwabci ba. Mai wa'azi yana jin maganar mai biyan kuɗin lasifika fiye da ta kowane perfe. Ranar da aka sake yin ɓarna kuma, a gurfanar da mai ɓarnar a kotun Tanut da sunansa da sunan ubansa, a yanke masa kuɗin kwano da ƙofa da bencin da ya ƙone, kamar yadda ake yanke wa makiyayin da shanunsa suka ci gonar wani.